Sunan Wa Za A Rubuta? Haƙƙin Mutanen Intanet A Rubutun Ilimi

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau maganar ta ɗaliban manyan makarantu ce, da malaman da ke duba musu aiki, amma ba su kaɗai ta shafa ba. Duk mai riƙe da waya yana rubutu a Facebook ko WhatsApp ko X, to da shi ake. Tambayar ita ce: idan mai bincike ya ɗauko maganar wani daga intanet ya saka a kundin digirinsa ko a maƙalarsa, wane suna zai rubuta? Sunan yanka? Laƙabin da mutumin ke amfani da shi a shafinsa? Ko kuwa sakaya shi zai yi?

Danganta magana ga mai ita ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman Hadisi sun gina ilimi guda a kan isnadi, wato jerin waɗanda suka karɓo magana tun daga tushenta. A jami'o'inmu ma, duk wanda ya taɓa buɗe kundin ɗalibin Hausa ko na tarihi ya ga shafin nan na waɗanda aka yi hira da su: hira da Malam wane, mai shekara kaza, a gidansa da ke unguwa kaza, ranar kaza. Sai dai ku lura da abu guda. Dattijon nan da aka rubuta sunansa ya san da wa yake magana. Ɗalibi ya yi masa sallama, ya faɗi abin da ke tafe da shi, shi kuma ya zaɓi abin da zai faɗa da wanda zai bari a cikinsa. Ita kuwa matar da ta yi rubutu cikin dare a zauren mata na WhatsApp tana kuka da halin mijinta, ba wanda ya yi mata sallama. Ba ta san akwai mai bincike a cikin zauren ba, ballantana ta san wata rana maganarta za ta kwana a ɗakin karatu na jami'a.

Saboda haka haƙƙi biyu ne a wuyan mai bincike, kuma sau da yawa ba sa tafiya tare. Akwai haƙƙin a ambaci mutum idan an ɗauki maganarsa, domin ƙin ambatonsa satar fasaha ce. Akwai kuma haƙƙin a rufa masa asiri idan ambaton zai jawo masa cuta. Bari mu fara da na farko, shi ne mai sauƙi.

Mafi yawan sassan jami'o'inmu salon APA suke bi, wato ƙa'idojin da ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta tsara. Bugu na bakwai na littafin ya fito a ƙarshen shekarar 2019, kuma ya yi bayanin yadda ake kawo rubutun kafofin sada zumunta a manazarta. Ga yadda abin yake. Da farko sai sunan mai rubutun na gaskiya, idan an san shi, mutum ne ko hukuma. Sai sunan shafinsa a cikin baka biyu mai kusurwa, tare da alamar @ da ke gaban sunan. Idan sunan shafin kawai aka sani, shi za a rubuta, ba ƙari ba ragi. Daga nan sai cikakken kwanan wata: shekara, wata, da rana, domin mutum ɗaya yana iya yin rubutu goma a yini. Tunda irin wannan rubutu ba shi da take, sai a kwafo kalmomi ashirin na farkonsa su tsaya a matsayin take. Sai a bayyana ko rubutu ne, ko hoto, ko bidiyo, a faɗi sunan dandalin, a rufe da adireshin rubutun.

Ƙa'ida ta ce kada a gyara wa mutum rubutunsa. Idan ya rubuta Hausa ba tare da lanƙwasa ba, ko ya gauraya ta da Turanci, ko ya saka ɗan hoton nan mai dariya, haka za a kwafo shi. Salon MLA, wanda masu nazarin adabi suka fi so, bugunsa na tara ya fito a 2021, shi ma yana haɗa sunan mutum da sunan shafinsa. Salon Chicago kuwa ya fi son a kawo irin wannan a cikin rubutu ko a madogarar ƙasan shafi. Bambancin tsari ne kawai, manufar ɗaya ce: mai karatu ya iya bin sawu ya tarar da maganar a inda aka ɗauko ta.

Akwai wani sharaɗi da ɗalibai ke yawan tsallakewa. Abin da mai karatu ba zai iya zuwa ya gani da idonsa ba, kamar saƙon da aka turo maka kai kaɗai, ko rubutun da aka taƙaita wa abokai, APA ba ta yarda a saka shi a jerin manazarta ba. A cikin rubutu kawai ake ambatonsa, a matsayin magana tsakaninka da mai ita. Haka nan maganar mutanen da ka yi bincike a kansu, ba a jera su a manazarta, domin su ba littattafai ba ne, mutane ne da ka ɗauki amanarsu. Sannan ku tuna rubutun intanet ba ya zama wuri ɗaya. Mai shi yana iya goge shi, dandalin ma yana iya sauya suna, kamar yadda Twitter ta koma X a watan Yulin 2023. Don haka mai bincike ya ɗauki hoton rubutun ya adana, ya rubuta ranar da ya gan shi.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama tashar, muna magana ne a kan yadda ake ambaton mutanen intanet a rubutun ilimi. Duk abin da muka faɗa zuwa yanzu, amsar tambayar "yaya ake rubutawa" ce. Littafin salo yana koya maka inda za ka saka aya da waƙafi. Bai isa ya yanke maka ko sunan nan ya dace ya fito ba. Wannan hukunci naka ne, kuma a nan ne manyan masana ma suka yi tuntuɓe.

A watan Agustan 2006, kamfanin AOL na Amurka ya saki bayanan abubuwan da mutane suka nema a injinsa na bincike, wai don masana su amfana. Tambayoyi ne kimanin miliyan 20, na mutane kusan 650,000, na tsawon wata uku. Kamfanin ya cire sunaye ya maye su da lambobi, yana ganin ya gama rufa asiri. Cikin 'yan kwanaki, 'yan jaridar New York Times suka ɗauki lamba ɗaya suka bi abubuwan da mai ita ta nema: masu aikin gyara a garinsu, mutanen da suke da sunan dangi irin nata, da makamantansu. Ba su tsaya ba sai a ƙofar gidan wata dattijuwa, ta kuma tabbatar musu ita ce. Abin ya ci kujerar wasu ma'aikatan kamfanin.

A 2008 wasu masu bincike suka fitar da bayanan Facebook na ɗalibai kimanin 1,700 na wata jami'a da ba su ambaci sunanta ba. Sun ce dai tana arewa maso gabashin Amurka. Amma sun bar jerin fannonin da ɗaliban ke karanta da wasu bayanai a fili. Wani masani mai suna Michael Zimmer ya nuna cewa da waɗannan alamomi kaɗai ana iya gane jami'ar Harvard ce. To idan an san makaranta, an san aji, sannan ga ɗalibi ɗaya tilo da ya fito daga wata ƙasa, me ya rage? Dole aka janye bayanan.

Misali na uku ya fi muni. A 2016 wasu masu bincike daga Denmak suka kwashi bayanan mutane kusan 70,000 daga OkCupid, dandalin masu neman abokan soyayya, suka zuba a fili. Ba su ma cire sunayen shafukan mutanen ba, ga shekarunsu, ga addininsu, ga amsoshin da suka bayar kan sirrin rayuwarsu. Da aka yi musu ca, hujjarsu ita ce ai dama bayanan a fili suke.

Wannan hujja ta "ai a fili yake" ita ce tushen matsalar, kuma za ku ji ta a bakin ɗalibanmu. Wata farfesa mai suna Helen Nissenbaum ta yi littafi a 2010 inda ta nuna cewa kowace magana tana tafe da ƙa'idar wurin da aka yi ta, kuma cutarwa tana zuwa ne idan aka ciro ta daga wurinta aka kai ta wani wuri. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Hirar da dattawa ke yi a dakalin ƙofar gida, duk mai wucewa yana iya ji, amma wanda ya ɗauke ta ya kai kasuwa ya yi shela da lasifika, kowa ya san ya ci amana. Wani bincike da Casey Fiesler da Nicholas Proferes suka buga a 2018 ya tambayi masu amfani da Twitter, sai aka tarar yawancinsu ba su ma san masana na ɗibar rubutunsu ba, kuma da yawa sun ce ya kamata a nemi izininsu.

Wani zai ce, to shike nan, na cire suna na rubuta "wani mai amfani da Facebook ya ce". Wannan bai wadatar ba. A takarda, idan ka ɓoye suna ka ɓoye mutum. A intanet kuwa, jimlar da ka kwafo ita kanta adireshi ce. Duk wanda ya ɗauke ta ya liƙa a injin bincike, sai ta kai shi shafin mai ita. A 2018 John Ayers da abokan aikinsa suka duba maƙalun fannin lafiya da aka rubuta a kan Twitter. Suka tarar kashi 72 cikin ɗari sun kwafo maganar wani kalma da kalma, kuma a kashi 84 cikin ɗari na waɗannan, neman jimlar ya kai su ga mai ita. Ku tuna maganar lafiya ake yi: cuta, shaye-shaye, damuwar zuciya, abubuwan da mutum ba ya so ko maƙwabcinsa ya sani.

Shi ma laƙabi ba mafaka ba ce. Wanda ya shekara goma yana rubutu da suna ɗaya, wannan suna ya zama shi. Abokansa sun san shi da shi, mutuncinsa yana rataye da shi, wataƙila ma da shi yake kasuwanci. Idan za a sakaya, to laƙabin ma sai an sauya.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, kada wani ya ji wannan ya ɗauka mafita ita ce a ɓoye kowa. Wannan ma zalunci ne ta wata fuskar. Farfesa Amy Bruckman ta jami'ar Georgia Tech ta ja hankali a kan haka tun 2002. Ta ce mutane da yawa a intanet masu fasaha ne da ke fitar da aikinsu don a gani a san su, kuma mai binciken da ya share sunansu ya hana su haƙƙinsu. Wannan magana ta zauna daidai a kan marubutanmu na Hausa da ke fitar da littattafansu shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, waɗanda mata ne suka fi yawa a cikinsu, da yawa kuma da sunan alƙalami suke rubutu. Ɗalibin da ya yi nazarin labarin wata a cikinsu, ya kwashi jigo da salo da zubi, ya samu digiri, sannan ya kira ta "wata marubuciya", ya ci guminta. Sunan da ta saka a kan aikinta shi za a rubuta. Idan kuma ɗalibin ya san sunanta na yanka, ba hurumunsa ba ne ya bayyana shi. Ita ta san dalilin da ya sa ta zaɓi sunan alƙalami, wataƙila saboda gidan aurenta, wataƙila saboda wurin aikinta.

Bruckman ta kasa sakayawa hawa huɗu. Hawan farko babu sakayawa sam, a ambaci mutum da aikinsa. Na biyu sakayawa ce mai sauƙi: a faɗi sunan dandali ko zaure, a sauya sunayen mutane, ko da 'yan zauren za su iya gane juna. Na uku matsakaici ne. Na huɗu shi ne mai tsanani: ba sunan zaure, ba sunan mutum, ba kwafo jimlar da za a iya nema, har ana iya sauya wasu ƙananan bayanai don ɓad da sawu. Gwargwadon haɗarin magana, gwargwadon hawan da za a taka. Hira a kan girke-girke ba ɗaya take da hira a kan rikicin aure ko aƙida ko siyasa ba, musamman a ƙasashen da aka sha kama mutane saboda abin da suka rubuta a waya.

Ƙungiyar masu binciken intanet ta duniya, wadda ake taƙaita sunanta da AoIR, ta fitar da jagorar ɗa'ar bincike sau uku, a 2002 da 2012 da 2019. Abin lura a ciki shi ne ba ta ba da doka guda da za ta hau kowane bincike ba. Tambayoyi ta jera wa mai bincike ya amsa kafin ya taɓa maganar kowa. Daga irin waɗannan tambayoyi, ga abin da muke ba ɗalibanmu shawara.

Na ɗaya, ka tambayi kanka: wannan mutum marubuci ne da nake nazarin aikinsa, ko kuwa mutum ne da nake nazarin halinsa? Marubuci a ambace shi. Wanda ake nazarin halinsa a kare shi.

Na biyu, dubi matsayinsa. Gwamna ko minista ko hukuma ko fitaccen malami da ya yi magana a shafinsa na jama'a, don a ji ya yi ta, a rubuta sunansa cikakke. Talakan da ya yi sharhi a ƙarƙashin maganar, hukuncinsa daban.

Na uku, dubi wurin. Zauren da sai mai kula da shi ya saka ka kafin ka shiga, ba fili ba ne, ko da mutum dubu ne a ciki. Ka sanar da mai kula da zauren, ka sanar da 'yan zauren cewa bincike ya kawo ka. Shiga a yi laƙwas ana kwasar maganar mutane ba hanyar ilimi ba ce.

Na huɗu, kuma shi ne mafi sauƙi da aka fi mantawa: ka tambayi mai maganar. Tura masa saƙo, faɗa masa ko kai wane ne, nuna masa jimlar da kake so ka ɗauka, ka ba shi zaɓi: sunansa, ko laƙabinsa, ko a sakaya. Idan ya ce a'a, to a'a ce. Idan yaro ne da bai kai shekara 18 ba, izinin iyayensa ake nema.

Na biyar, idan sakayawa ta zama dole, ka yi ta da kyau. Sauya sunan, sake zubin jimlar ba tare da ka taɓa ma'anarta ba, sannan kai da kanka ka neme ta a injin bincike ka ga ko za ta fito. Masu rubuta kundinsu da Turanci ko Faransanci su lura: fassara tana ɓad da sawu, amma idan ka ajiye asalin Hausar a gefenta, ka mayar da hannun agogo baya. Haka hoton rubutu, kada a manna shi da suna da fuska da lambar waya a jiki.

Na shida, ka faɗa wa mai karatu abin da ka yi. A babin hanyoyin bincike ka rubuta cewa sunayen nan na aro ne, an kuma sake zubin wasu jimloli, ga dalili. Asalin bayanan ka adana su inda mai duba aikinka zai iya gani idan ya buƙata, ba inda kowa zai kai hannu ba. Da haka ka tsare amanar mutane, ka kuma tsare gaskiyar ilimi.

Kada a ɗauka wannan kyautatawa ce kawai. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokarta ta kare bayanan mutane a watan Mayun 2018, Najeriya ma ta samu tata dokar a watan Yunin 2023. Manyan mujallun ilimi da yawa yanzu sai sun ga shaidar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin su buga aikin da ya shafi mutane. Ɗalibin da bai koyi wannan tun yana digirin farko ba, zai haɗu da shi a gaba lokacin da gyara ya yi wuya.

Kiranmu a yau ga malamai masu duba aiki: kada a tsaya kan aya da waƙafin manazarta kawai, a tambayi ɗalibi ko mutanen da ya ambata sun san ya ambace su. Ga sassan jami'o'i da kwalejoji: a rubuta wannan ƙa'ida a littafin jagorar rubuta kundi, yadda ɗalibi zai gan ta tun kafin ya fara. Ga ɗalibai: digirinku bai kai darajar auren wata ko aikin wani ko 'yancinsa ba. Ku kuma masu rubutu a waya, ku duba wa ke iya ganin abin da kuke rubutawa, kuma duk mai binciken da ya tuntuɓe ku, kuna da ikon ku tambaye shi me zai yi da maganarku, kuna da ikon ku ƙi.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.

(Kiɗan rufe shiri)